SUNA BA SHAIDA BA NE: YADDA SHAFIN INTANET YAKE GANE IRIN FAYIL ƊIN DA AKA ƊORA MASA

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar WAEC da ta NECO ya fito, sai ka ga ɗalibanmu da suka gama aji shida sun kama hanyar Bodinga zuwa Sakkwato, kowa da 'yar jakar takardunsa a hammata. Wasu suna neman gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wasu kuma aikin soja ko na ɗan sanda suke hari. A da, fom ake saya a cike da biro, a manna hoto da gam. Yanzu kuwa galibin abin ya koma intanet. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta tun 2015. Saboda haka duk wanda zai ci gaba da karatu, ba makawa wata rana za a ce masa ya ɗora hotonsa na fasfo ko hoton takardar sakamakonsa a wani shafi.

Wata tsohuwar ɗalibarmu daga nan Mandera ta je cike fom ɗin wata makaranta ana saura kwana biyu a rufe. Kawunta ne ya ɗauke ta hoto da wayarsa iPhone, ya tura mata. Shafin ya ce hoton JPG kaɗai yake karɓa, nata kuwa sunansa ya ƙare da HEIC. Yaron shagon intanet ya ce wannan ba matsala ba ce, ya goge HEIC ya rubuta JPG a wurin. Suka ɗora, shafin ya ƙi. Suka sake, ya ƙi. Har la'asar ta yi, kuɗin da ta zo da shi ya kusa ƙarewa, ta hau mota ta dawo gida ba ta yi komai ba. Washegari sai da mahaifiyarta ta ranto kuɗin mota, aka sake ɗaukar hoton a shagon mai hoto, sannan ta samu ta shiga a ranar ƙarshe.

Da ta zo gaishe ni ta ce, "Malam, mun fa canja sunan. Ta yaya ya gane?" Amsar wannan tambaya ce na ga ya kamata in rubuta, domin ƙannenta da ke tafe, da kuma 'yan ajin kwamfuta waɗanda wata rana su ne za su gina irin waɗannan shafuffuka.

Mene Ne Fayil?

Kafin mu yi nisa, sai mu san abin da muke magana a kai. Duk abin da aka ajiye a cikin kwamfuta ko waya, hoto ne, ko wasiƙa, ko waƙa, ko manhaja, ana kiransa fayil. Mu muna ganin fuska a hoto, muna jin murya a waƙa, amma kwamfuta ba ta ganin ko ɗaya. Abin da take gani shi ne jerin lambobi, ɗaya bayan ɗaya. Kowace lamba tana tsakanin 0 da 255, kuma ana kiranta bait. Bait kamar 1,000 su ne kilobait ɗaya. Ke nan idan aka ce kada hotonka ya wuce kilobait 50, ana nufin kada jerin lambobinsa ya wuce kamar 50,000.

To, lamba 65 a cikin wasiƙa tana nufin harafin A. Amma 65 ɗin nan a cikin hoto tana iya zama duhun wani ɗigo, a cikin manhaja kuma tana iya zama umarni ga kwamfuta. Lambar ita kaɗai ba ta faɗin ko mece ce ita. Dole sai an san irin fayil ɗin kafin a san yadda za a karanta shi. Wannan shi ne tushen matsalar.

Mu ɗauki misali da buhu. Wanda ya taɓa zuwa kasuwar Bodinga ko ta Shagari lokacin kaka ya san buhu ɗinkakke ba ya magana. Hanyoyi uku mai saye yake da su na sanin abin da ke ciki kafin ya kwance: rubutun da ke jikin buhun, maganar wanda ya kawo shi, da kuma ɗan abin da ya zaro daga ciki ya gani da idonsa. Shafin intanet ma shaidu ukun nan yake da su, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba.

Shaida Ta Farko: Wutsiyar Suna

Sunan fayil yana da kashi biyu, da ɗigo a tsakani, kamar hoto.jpg ko sakamako.pdf. Haruffan da ke bayan ɗigon su ne za mu kira wutsiyar suna. Al'adar ta daɗe. A tsarin MS-DOS na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 1981, suna ba ya wuce haruffa 8, wutsiya kuma ba ta wuce 3. Shi ya sa har yau muke da JPG a gefen JPEG, alhali abu ɗaya ne. Windows yana duba wutsiyar nan ne ya yanke shawarar manhajar da zai buɗe fayil da ita.

Sai dai wutsiya rubutun jikin buhu ce kawai. Buhu nawa ne a gidajenmu aka rubuta taki ko sukari a jikinsu, amma gero ne a ciki? Kowa yana iya canja sunan fayil cikin daƙiƙa biyu, kuma canja sunan ba ya taɓa ko lamba ɗaya daga cikin abin da ke ciki. Abin da yaron shagon nan ya yi ke nan. Ya goge "dawa" ya rubuta "gero" a jikin buhu, dawar kuwa tana nan yadda take.

Shi kuskure ya yi, amma akwai masu yi da gangan. Ranar 4 ga Mayu, 2000, wani saƙon imel ya taso daga ƙasar Filifin da sunan wasiƙar soyayya. Fayil ɗin da ke maƙale da shi yana da wutsiya biyu: TXT, wadda ke nufin rubutu zalla, sannan VBS a ƙarshe, wadda ke nufin umarnin da kwamfuta za ta aiwatar. Da yake Windows yakan ɓoye wutsiyar ƙarshe, mutane TXT kaɗai suka gani, suka buɗe. Nan take abin ya lalata musu hotuna da wasu fayiloli, ya kuma aika kansa ga duk mutanen da ke cikin littafin adireshinsu. Cikin 'yan kwanaki ya shiga miliyoyin kwamfutoci a duniya, har manyan ma'aikatu a Ingila da Amurka suka rufe imel ɗinsu na wani lokaci. Ana kiran wannan annoba ILOVEYOU. Duk ɓarnar nan, dogara da suna ne ya buɗe mata ƙofa.

Shaida Ta Biyu: Takardar Rakiya

Idan ka danna maɓallin ɗora fayil, manhajar da kake shiga intanet da ita, irin su Chrome ko Opera, wadda ake kira burauza, ita ce take ɗaukar fayil ɗin ta kai wa babbar kwamfutar da ke riƙe da shafin, wato saba. Ba ta kai shi hannu rabbana. Tana haɗa shi da ɗan bayani mai cewa, "Wannan hoto ne irin JPEG," ko "Wannan takarda ce irin PDF." Ana rubuta bayanin a taƙaice, kamar image/jpeg ko application/pdf.

Wannan tsari sunansa MIME. Masana biyu, Nathaniel Borenstein da Ned Freed, su ne suka fito da shi a 1992 domin a iya aika hoto da sauti ta imel. A 1995 kuma wasu ma'aikatan kamfanin Xerox, Ernesto Nebel da Larry Masinter, suka rubuta ƙa'idar ɗora fayil ta cikin fom na shafin intanet, wadda a kanta aka gina abin da muke amfani da shi.

Mai koyon gina shafi yakan ga wannan bayani ya ji daɗi, ya ce ai kwamfuta ce ta faɗa, ba mutum ba. A nan mutane da yawa suke faɗawa rami. Na ɗaya, burauza ba ta buɗe fayil ta duba cikinsa; yawanci wutsiyar suna take kallo ta rubuta bayanin. Ke nan shaida ta biyu maimaita maganar ta farko take yi. Na biyu, bayanin daga wajen mai aikawa yake fitowa, kuma wanda ya san hannunsa yana iya rubuta abin da ya ga dama a wurin ba tare da ya bi ta burauza ba ma. Kamar takardar kaya ce da direban babbar mota yake nunawa a shingen hanya. In shi ya rubuta ta da hannunsa, to, ba ta ƙara komai a kan maganar bakinsa ba.

Haka kuma duk wani bincike da shafi ke yi a kan wayar mai ɗorawa kafin fayil ya tashi, taimako ne ga mai gaskiya don kada ya ɓata kuɗin datarsa. Ba ya tsare mugu, domin wayar a hannunsa take. Binciken da ake dogara da shi shi ne wanda saba ta yi da kanta bayan fayil ya iso.

Shaida Ta Uku: Hatimin Da Ke Kan Fayil

Mai sayen hatsi da ya san aikinsa ba ya tsayawa karanta buhu. Yana da wani ƙarfe mai tsini da rami a ciki, ya soka a buhu, ƙwayoyi su zubo a tafin hannunsa. Gani ya kori ji. Kwamfuta ma tana da irin wannan dabara. Waɗanda suka tsara yawancin ire-iren fayil sun yi ƙa'ida cewa kowane iri zai fara da wasu lambobi na musamman, kamar hatimi a kan takarda. Ga kaɗan daga ciki:

Hoton JPEG, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1992, yana farawa da 255, 216, 255.

Hoton GIF, na kamfanin CompuServe, yana farawa da rubutun GIF87a ko GIF89a. Lambobin 87 da 89 shekarun fitowarsu ne, wato 1987 da 1989.

Takardar PDF, wadda kamfanin Adobe ya fito da ita a 1993, tana farawa da %PDF.

Fayil ɗin ZIP, wanda ake ƙunshe fayiloli da yawa a cikinsa kamar ƙunshin goro, yana farawa da PK, haruffan farko na sunan Phil Katz da ya ƙirƙiro shi a 1989.

Manhajar Windows mai wutsiyar EXE tana farawa da MZ, haruffan sunan Mark Zbikowski, wani injiniyan Microsoft.

Hoton PNG, na 1996, shi ne mai hatimin da ya fi kowane hikima. Lambobi 8 ne: 137, 80, 78, 71, 13, 10, 26, 10. Ukun nan, 80, 78 da 71, su ne haruffan P, N da G. Sauran kuwa tarko ne. A wancan zamani wasu hanyoyin aika fayil sukan ɗauki hoto a matsayin rubutu su yi masa gyare-gyaren da ke lalata shi, kuma irin waɗannan lambobi suke taɓawa. Saboda haka in fayil ya iso hatiminsa ya canja, nan da nan an san ya lalace a hanya.

Tun 1973 tsarin kwamfuta na Unix yake da wata 'yar manhaja mai suna file, wadda aikinta shi ne ta leƙa cikin fayil ta faɗi irinsa. Jikokinta suna nan suna aiki a sabobi da yawa, ɗauke da dogon jerin hatimai da suke gwadawa.

Yanzu amsar ɗalibarmu ta fito. Tun 2017 wayoyin iPhone suke ajiye hoto a tsarin HEIC, in ba mai wayar ya canja ba. Hatimin HEIC dabam yake da na JPEG. Shafin ya bar suna, ya duba lambobin farko, bai ga 255, 216, 255 ba, sai ya ƙi. Ba mugunta ya yi mata ba. Da ya karɓa, mai yiwuwa ranar da za a buga katin shaidarta a tarar hoton ba ya buɗuwa.

Kuna iya gwada wannan a ɗakin kwamfuta. Ku buɗe kowace takardar PDF da manhajar Notepad. Za ku ga tarkacen rubutu marar ma'ana, amma a layin farko ga %PDF nan ɓaro-ɓaro. Ku dai rufe ba tare da kun adana ba, don kada ku lalata ta.

Inda Hatimi Yake Gazawa

Da a ce magana ta ƙare a nan, da aikin ya yi sauƙi. Amma kowa ya san algus. Mai tumatir yakan jera manya a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Wanda ya duba baki kaɗai ya sha mamaki a gida. Hatimi ma a bakin fayil yake, kuma yana da rauni ta fuska huɗu.

Na farko, wasu fayiloli ba su da hatimi ko kaɗan. Rubutu zalla ba shi da shi. Jerin sunaye da maki da ake ajiyewa a tsarin CSV ba shi da shi. Sai dai kwamfuta ta karanta ta yi kirdado. Akwai ma wani irin hoto, SVG, wanda a zahiri rubutu ne da ke gaya wa burauza yadda za ta zana hoton, kuma ana iya cusa umarni a cikinsa.

Na biyu, fayiloli da yawa hatiminsu ɗaya. Daga 2007 takardun Word masu wutsiyar DOCX da na Excel masu XLSX duk ƙunshin ZIP ne. Haka manhajar wayar Android mai wutsiyar APK. Dukkansu da PK suke farawa. Wanda ya ga PK bai san ko wasiƙa ce ko manhaja ba sai ya kwance ƙunshin ya ga abin da aka jera a ciki. In kuna so ku gani, ku kwafi wata takardar DOCX, ku mai da wutsiyar kwafin ZIP, ku buɗe. Za ku tarar da ƙananan fayiloli a ciki.

Na uku, ana ƙirƙirar hatimin jabu. Haruffa shida ne kawai GIF89a. Mugu yana iya rubuta su a farkon fayil, ya bi su da umarnin da yake so saba ta aiwatar. In mai gadi ya ga hatimi ya ce wuce, sannan saba ta ajiye fayil ɗin a inda take aiwatar da umarni, to, ɓarawo ya sami ɗaki a cikin gida. Daga nan yana iya kwashe sunaye, da hotuna, da lambobin waya, da sakamakon duk ɗaliban da suka yi rajista, ko ya canja abin da ya ga dama.

Na huɗu, fayil ɗaya yana iya zama iri biyu a lokaci guda, kamar jemage, ba tsuntsu ba, ba dabba ba. Dalili kuwa, ba kowace manhaja ce take fara karatu daga farko ba. Mai karanta GIF daga farko yake farawa, mai kwance ZIP kuwa daga ƙarshe yake neman jerin abin da ke ciki. A 2008 masu binciken tsaro sun nuna cewa ana iya haɗa hoton GIF da manhajar Java, wadda ita ma ƙunshin ZIP ce, su zama fayil ɗaya. Suka sa masa suna GIFAR. Shafi ya karɓe shi a matsayin hoto, kuma da gaske hoto ne, amma manhaja ce kuma.

Babban misali ya faru a 2021. Cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a ƙasar Kanada ta binciki wayar iPhone ta wani ɗan fafutika daga Saudiyya, ta gano an turo masa fayiloli masu wutsiyar GIF waɗanda a zahiri wasunsu PDF ne da aka shirya don kutse. Ɓangaren wayar da ke karɓar saƙo ya ga suna ya ce hoton GIF ne, ya miƙa shi ciki. Ɓangaren da ke buɗe hotuna kuwa bai damu da suna ba, ya duba ciki ya ga PDF, ya buɗe shi a matsayin PDF, ta nan aka bi wata ɓaraka aka dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ba tare da mai wayar ya taɓa komai ba. Kamfanin Apple ya toshe ɓarakar a watan Satumba na wannan shekara.

Ku lura da darasin da ke nan. Haɗarin yana tasowa ne a inda mai gadin ƙofa ya ɗauki baƙo a matsayin abu kaza, wanda zai karɓe shi a cikin gida kuma ya ɗauke shi a matsayin wani abu dabam. Saɓanin nan shi mugu yake nema.

Yadda Shafi Mai Kyau Yake Yi

Tun da babu shaida ɗaya da ta isa, masana ba sa dogara da ƙofa ɗaya. Ga matakan da suke jerawa:

1. Su rubuta abin da suke so, ba abin da ba sa so ba. In fom hoton fasfo yake buƙata, sai a ce JPEG da PNG kaɗai, duk wani abu a mai da shi. Jerin miyagun fayiloli ba ya ƙarewa, amma jerin waɗanda ake buƙata gajere ne.

2. Su sa iyakar girma tun kafin a buɗe. Akwai wani sanannen fayil mai suna 42.zip, nauyinsa kilobait 42 kacal, amma in aka kwance shi duka yana kai gigabait miliyan 4 da rabi. Irinsa ɗaya ya isa ya durƙusar da saba.

3. Su gwada shaidu da juna. In suna ya ce JPG, hatimi ya ce wani abu, a ƙi karɓa, a kuma gaya wa mai ɗorawa dalili da harshen da zai fahimta.

4. Su juye buhun gaba ɗaya. Wato a buɗe hoton da manhajar karanta hoto tun daga farko har ƙarshe, sannan a sake rubuta sabon fayil daga abin da aka gani, a yar da na asali. Kamar yadda uwar gida take sheƙe hatsi ta tsince tsakuwa ta zuba a nata kwano. Yawancin abin da aka liƙa a ɓoye a nan yake zubewa.

5. Su riƙa sabunta manhajar buɗewar, su kuma killace ta. A 2016 an gano ɓaraka a manhajar ImageMagick, wadda shafuffuka da yawa suke gyara hoto da ita, ta yadda buɗe hoton mugu kaɗai ya isa ya ba shi iko a kan saba. Mai bincike ma yana buƙatar tsaro.

6. Su sake wa fayil suna da kansu, su ajiye shi a wurin da saba ba ta aiwatar da umarni. Baƙon da ba a sani ba a zaure yake kwana.

7. Idan za su nuna fayil ɗin ga wani, su faɗi irinsa da bakinsu, su kuma umarci burauza kada ta yi nata kirdadon. Akwai ɗan umarni na musamman don haka, mai suna nosniff, wanda Microsoft ya fara sa wa a burauzarsa Internet Explorer 8.

A 2024 kamfanin Google ya fito da wata manhaja mai suna Magika, wadda aka horar da ita da ɗimbin fayiloli don ta gane iri ko da babu hatimi. Ci gaba ne mai amfani, amma kirdado ne mai kyau, bai ɗauke wa kowa sauran matakan ba.

Shawara Ga Ɗalibai Da Iyaye

Ba sai ka zama injiniya ba kafin wannan ilimi ya amfane ka.

Kafin ka bar gida, ka karanta abin da fom ya nema: wane iri, kuma kilobait nawa. In hotonka ba irin da ake so ba ne, canja suna ba zai yi ba. A buɗe shi a manhajar hoto, a adana shi sabo a matsayin JPEG. Wannan shi ne juya fayil na gaskiya, kuma ba ya cin minti ɗaya.

Kada ka jira ranar rufewa. Wanda ya je da kwana goma a hannu, in an ƙi hotonsa, gyara zai yi. Wanda ya je ranar ƙarshe, shekara guda yake caca da ita.

A kwamfutar makaranta ko ta gida, a saita Windows ya riƙa nuna wutsiyar suna cikakkiya. In aka turo maka abu ta WhatsApp aka ce hoto ne, ko takardar ɗaukar aiki, ko jerin waɗanda suka sami tallafi, sai ka ga ya ƙare da APK ko EXE, kada ka buɗe. Manhaja ce, kuma takarda ba ta neman izinin karanta saƙonnin wayarka.

In ka gama aiki a shagon intanet, ka tsaya a goge hotonka da takardunka a gabanka. Ka sani kuma hoton waya yakan ɗauki bayanin ranar da aka ɗauke shi, wani lokaci har da wurin, a ɓoye a cikinsa.

Ga 'yan ajin kwamfuta kuma, ku yi gwaje-gwajenku a kan fayilolinku da kwamfutar da aka ba ku izini. Shiga shafin wani ba da izini ba laifi ne a ƙarƙashin dokar laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015. Wanda kuma ya gina shafi ya tara bayanan mutane, dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora masa alhakin tsare su.

Kammalawa

Suna da takardar rakiya maganar mai kawo kaya ce. Hatimi ya fi su ƙarfi, amma bakin buhu kaɗai yake nunawa. Abin da ke kawo kwanciyar hankali shi ne a juye kaya a gani, sannan ko bayan an gani a ajiye su inda ba za su yi ɓarna ba. Saboda haka in shafi ya ƙi hotonka, kada ka yi fushi da shi. Mai gadin da ya tsayar da kai yau shi ne yake tsare takardunka da na 'yan'uwanka da dare. Ɗalibar nan tamu tana aji biyu yanzu, kuma na ji an ce ita take gyara wa 'yan ɗakinsu hotuna lokacin rajista. Allah ya ba masu fita bana sa'a.